Biyu Bisa Ashirin

Shekara sha bakwai ina zana kunkuru a allo,
na cikin littafi, na teku, mai hannuwa kamar filafili,
alhali daga Damagaram zuwa bakin teku
sai mota ta cinye taya.
Yara su kwafa, ni in bi da jan biro.
Ban taɓa jin nauyinsa a tafin hannuna ba.

Sai ga takarda daga ofishin sufeto:
malaman kimiyya sha ɗaya, kwana shida a Gidimuni.
Muka hau bayan mota da jijjifi,
Mirya ta wuce da lambunanta,
hantsi bai dubi ludayi ba muka hango dabinai
sun yi wa ruwa da'ira.

Madam Rakiyatu ba ta zo da alli ba.
Sikeli, igiyar awo, gwangwanin farin fenti.
Ta ce, "Abin da ake wa na teku a bakin gaɓa
shi za mu yi wa kififiyar tafkinmu.
Ku tuɓe takalma."
Mushe Ilu ya dubi karin gugar wandonsa
kamar mai sallama da ɗan'uwa.

Laka ta sha mu har gwiwa.
Ta farko da na ɗaga ta sakar mini wari
wanda ba shafin da ya taɓa ambata.
Santimita sha tara. Na rubuta, hannu na rawa,
na ɗiga mata fenti a gefen ƙoƙo,
ta koma ruwa ba ko waiwaye.

Amma gurbin ƙwai ya gagare mu.
Kwana biyu muna tonon banza,
mu da takardunmu na Yamai,
har Madam ta aika a kira mai ido.

Ya fito daga cikin rake da lauje a kafaɗa.
Na san tafiyar kafin in san fuskar.
Mutari.
Bencin baya, gefen taga,
wanda na ba biyu bisa ashirin
a kan darasin dabbobi masu jan ciki,
bai sake dawowa lakwal ba.

Ya durƙusa ya gaishe ni, "Mushe, an zo lafiya?"
Sannan ya juya ga ƙasa.
"Nan ta jiƙa wurin kafin ta tona,
shi ya sa ya bushe da ɓawo.
Wannan jan wutsiyar guza ne, ya riga mu, babu komai ciki.
Wancan, ƙarƙashin kaba, bai gani ba."
Ya sa yatsa biyu, a hankali,
kamar mai tayar da jariri.
Sha huɗu, farare, da ɗuminsu.
"Kar a juya su, Mushe. Yadda ta aje, haka za su zauna."

Na rubuta: kar a juya su.
Ni ne a bencin baya ranar nan.

Muka rufe, muka kewaye da ƙayar magarya,
muka kafa sanda mai lamba bakwai.
Da dare sauro na ta kiɗinsa,
abokaina na gardamar kuɗin guzuri,
ni ina lissafin wani abu dabam:
jan biro nawa na ƙarar,
Mutari nawa suka fita ta ƙarƙashinsa.

Ran komawa na ce ya ba ni maki.
Ya yi dariya har lauje ya faɗi.
"Kana taka sawu kafin ka karanta shi.
Amma ka daina tsoron laka. Takwas."

Yau Litinin, ajina na Birni ya cika.
Na goge na teku daga allo, ban ƙi shi ba,
zai jira lokacinsa.
Akwai kududdufi bayan ganuwa tun ruwan Agusta.
Na ce su bar kaye a kan benci.
Wata daga baya, gefen taga, ta ɗaga hannu:
"Mushe, da takalma ko babu?"